Muraƙib da Duwatsun Kaburburan Tsauni

A shekarun da ake ta haƙa titunan Riyad saboda aikin jirgin ƙasa, ni ina tuƙa katafila a wani ƙaramin kamfani da ba shi da rabo a wancan babban aikin. Namu bai wuce kafa shinge da share hanya ba. A unguwar Al-Jaradiya nake kwana, mu huɗu a ɗaki, kullum bayan sallar asuba motar kamfani ta kwashe mu zuwa duk inda aka samu kwangila. Ina cikin shekarata ta uku a ƙasar aka tura mu bayan gari, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu, kan wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai wanda babu komai a bisansa sai iska da tulin duwatsu.

Tulin duwatsun nan su ne dalilin zuwanmu. In ka tsaya a kan tsaunin za ka gan su birjik, wani ya kai ƙugu, wani ya fi mutum tsawo, wani kuma ya baje har ba ka iya raba shi da tarkacen dutse. Aka ce mana kaburbura ne na mutanen da suka rayu tun kafin zuwan Musulunci da dubban shekaru, hukuma ta sa su cikin kayan tarihi, ta ce a kewaye su da waya. Akwai wani dattijo Balarabe, siriri, masanin irin waɗannan abubuwa, shi ke yawo yana kafa wa kowane kabari ƙaramin turke mai lamba. Dakta muke ce masa. Dokarsa ɗaya ce: inda bai riga ya duba ba, kada ƙarfe ya taɓa ƙasa.

Mai kula da mu a wurin aiki, wanda ake kira muraƙib, ɗan garinmu ne. Tare suka yi firamare da yayana, shi ne kuma ya yi mini hanyar zuwa ƙasar, don haka Yaya nake ce masa. Ya daɗe a Riyad, Larabci ya zauna a bakinsa. In yana magana da Larabawa sai ya sassauta murya har da ɗan rusunawa, in ya juyo wajenmu kuwa sai ka ce da kurame yake magana. Duk da haka ina ganin girmansa. Duk lokacin da na kira gida sai mahaifiyata ta ce in gaishe shi.

Wata safiya tankar ruwa ta kasa hawa ta hanyar da muka saba bi. Rana ta fara zafi, siminti na jiran ruwa, sai muraƙib ya ce in buɗe wata gajeriyar hanya ta gefen yamma. Dakta bai kai can da turakunsa ba tukuna. Na tura kamar tsawon taku ɗari, sai na iske wani tudun duwatsu da ya baje a gabana. Na tsaya, na leƙo na ce masa wannan ya yi mini kama da na can sama.

Ya ce, "Tarihi aka ɗauke ka ka yi ko tuƙi? Ture shi."

Na ture. Bokitin katafilar ya ɗaga wani faffaɗan dutse, sai ga ɗan ɗaki a ƙarƙashinsa an jera masa bango da hannu. Kafin in taka birki haƙoran bokitin sun riga sun shiga. Ƙasusuwa suka fito, launinsu kamar na busasshen rogo, ƙoƙon kai ya gangara ya tsaya a jikin taya. Na kashe inji na sauko ina salati. Tun ina yaro ko takalmi ba na shiga maƙabarta da shi.

Da la'asar Dakta ya iso. Ya durƙusa a bakin ramin ya duba, sannan ya tambayi yadda aka yi. Muraƙib ya karɓe maganar da Larabci mai sauri. Larabcina a lokacin na kasuwa ne, amma na tsinci abin da ya ishe ni: wai shi yana can ƙasa wajen tanka, ni na yi gaban kaina, kuma wai ya sha jin ina tambaya ko ana samun zinariya a cikin kaburburan. Na buɗe baki ina haɗa kalmomi, sai ya juyo ya ce mini da Hausa, a hankali, fuskarsa kamar ta mai lallashi, in yi shiru zai gyara komai, in na yi magana dukkanmu za a kora. Na yi shiru. Cikin duk abin da ya faru, wannan shirun ne ya fi ci mini rai har yau.

Ba a kore ni ba. Dakta ya bi sawun taya da ido, ya ce wannan sawun mai buɗe hanya ne, ba na mai neman dukiya ba, jahilci ne. Aka ja wa kamfani kunne, kamfani kuma ya karɓe mini makullin katafila ya mayar da ni lebura. Dakta ya ce a ba shi ni, wanda ya watsar shi zai tattara. Mako biyu na yi a durƙushe da rariya ina tankaɗe ƙasar da na ture, ina tsince guntayen ƙashi da fasassun kasko da wasu jajayen duwatsun wuya ƙanana kamar ƙwayar dawa. Dakta ya ce da alama mace ce. Ban ji daɗin sanin haka ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma akwai shagon wani dattijo tela a Al-Jaradiya inda Hausawa ke taruwa bayan sallar Juma'a, a sha shayi a ji labarin gida. A nan muraƙib ya ba da labarin, ba na nan. Ya ce ya kama ni ina tonon kabari, da ƙyar ya cece ni daga hannun hukuma, shi bai san me nake nema da ƙoƙon kan mutum ba, amma Allah ya shirya. Ina jin ya yi haka ne don ko da wata rana na faɗi gaskiya kada a samu mai yarda da ni. Juma'ar da ta biyo baya na shiga shagon na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Wanda ke zuba shayi ya miƙo mini kofi ba tare da ya dube ni ba. Ɗaya daga cikin abokan ɗakina ya matsar da katifarsa zuwa bakin ƙofa, ya ce wai zafi.

Cikin wata guda maganar ta isa gida. A garinmu in aka ce mutum yana tonon kabari ba a tunanin tarihi, tsafi ake tunani. Matata ta daina zuwa biki da suna, don in ta shiga sai a yi tsit. Mahaifiyata ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko abin da nake aiko mata na halal ne. Na ce na halal ne, Inna. Ta ce to, Allah ya sa. Wannan "Allah ya sa" ta zauna mini a ƙirji kamar garwashi. Bayan na ajiye wayar na yi alkawari tsakanina da raina cewa sai na ga mutumin nan a ƙasa, ko da zai ɗauke ni shekara goma.

Ban nuna masa komai ba. Kullum da safe nakan gaishe shi, Yaya ina kwana, in ya aike ni in tafi da gudu. Har shayi nake zuba masa. Shi kuma ya ɗauka na yarda da abin da ya ce, cewa shi ya cece ni.

Zamana da Dakta ya buɗe mini ido. Ni nake ɗaukar masa ma'auni da gwangwanin fenti, ni nake rubuta lamba a jikin turaku. Na koyi gane kabari ko ya baje, ta yadda aka jera duwatsun gindinsa a zagaye. Na san wanda ke da wutsiyar duwatsu a bayansa, na san wanda ɓarayin dā suka riga suka buɗe ta sama. Shi ya sa na zama na farko da ya lura cewa kaburburan da ke can ƙarshen tsaunin, inda shinge bai kai ba, suna raguwa. Faffaɗan duwatsun da aka rufe su da su ne ke ɓacewa, kuma kullum ranar Lahadi nake ganin sabon gurbi, ga sawun tayar tifa a gefe. Na san sawun tifar kamfaninmu, tayarta ta baya ta hagu ta cinye a gefe ɗaya.

Sai na tuna wani abu. Duk ranar Alhamis, in za mu tashi, muraƙib kan matso kusa da ni ya tambaya kamar da wasa ko dattijona zai shigo gobe. Dakta yakan zo wani lokaci ranar Juma'a da sassafe don ɗaukar hoto kafin rana ta yi ƙarfi. Duk makon da na ce ba zai zo ba, a makon duwatsu ke tafiya.

Ina iya zuwa wurin Dakta a ranar in faɗa masa. Ban je ba. Na san yadda za ta kasance: maganata da ta muraƙib, shi da Larabcinsa mai santsi, ni da sunan da ya riga ya liƙa mini. Ba mamaki ma muraƙib ya ce ni ne ke kwasar duwatsun. So nake a same shi da dutsen a hannunsa. Abin da na yi kawai shi ne na nemi izinin Dakta in riƙa sa lambar kowane kabari a gefen manyan duwatsunsa, ba a turke kaɗai ba, ya ce hakan ya yi. Sannan na zauna ina kallo har Juma'a uku ana kwashe rufin kaburburan bayin Allah. Ba zan ce tausayin matattun ne ya motsa ni ba. Da don su ne da ban bari an ƙara ɗaukar ko dutse ɗaya ba. Don kaina na yi.

Wata Alhamis da rana Dakta ya ce mini gobe zai zo da jami'ai biyu daga ofishinsu su duba ƙarshen tsaunin, yana so in zo in riƙe masa kaya, in jira shi a Al-Murabba kusa da gidan tarihi bayan sallar asuba. Da yamma muna wanke hannu a bakin tanka muraƙib ya matso ya yi tambayarsa. Ban ɗago kai ba na ce Dakta ya tafi Jidda, sai Lahadi. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya kai mu.

Washegari ina zaune a kujerar baya tsakanin ma'auni da jakar kyamara, motar jami'an na biye da mu. Dakta yana ta ba ni labarin yadda mutanen dā ke ɗauko duwatsu daga gindin tsauni a kafaɗa, ni kuwa idona na kan hanya. Tsorona ɗaya, kada a ce yau muraƙib bai zo ba. Da muka hau kan tsaunin muka zaga ta bayan shinge, sai na hango jan kan tifar.

Bayanta a buɗe, an loda kusan rabi. Muraƙib na sanye da singileti, gumi ya jiƙe shi, ya kama gefen wani faffaɗan dutse, ɗayan gefen kuma yana hannun wani ma'aikacinmu ɗan Damagaram, mutum mai furfura da ba ya yawan magana. Shekara uku ina aiki da muraƙib ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi butar shayi nauyi ba. Suka tsaya cak da dutsen a tsakaninsu, sun rasa ko su ajiye ko su ƙarasa. Na fito daga mota a hankali, na tsaya inda zai gan ni sosai.

Ya dube ni ya ce da Hausa, "Ba ka ce Jidda ya tafi ba?"

Na ce, "Haka na ce, Yaya."

Ya ajiye dutsen ya nufi Dakta yana murmushi yana rusunawa. Ya ce wai duwatsu ne da suka zube a hanya, yana kawar da su ne kada su fasa wa motoci taya. Dakta ya wuce shi. Ya taka ya hau bayan tifar da kansa, duk da shekarunsa, ya riƙa juya duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ga lambobina farare a gefensu. Ya karanta su da ƙarfi, ɗaya daga cikin jami'an yana rubutawa, ɗayan yana waya.

Da aka tambayi ɗan Damagaram bai ɓoye komai ba. Ya ce wani mai raƙuma ne a gindin tsaunin ke gina wurin hutawa, irin wanda suke kira istiraha, yana son tsofaffin duwatsu a jikin katangarsa, muraƙib ke kai masa. Ya ce shi an ce masa ya zo aikin Juma'a ne ya zo. Sannan, ba tare da kowa ya tambaye shi ba, ya nuna ni ya ce ranar tankar ruwa ma yana wurin, da kunnensa ya ji na ce tudun ya yi kama da kabari aka ce in ture. Dakta ya juyo ya dube ni na ɗan lokaci. Bai tambaye ni yadda aka yi muraƙib ya ɗauka yana Jidda ba, ko a ranar ko bayanta.

Kafin motar 'yan sanda ta iso muraƙib ya samu ya matso kusa da ni. Muryarsa ta canza. Ya ce in tuna shi ya kawo ni ƙasar nan, in tuna yayana, in roƙar masa Dakta tunda yana jin maganata. Na ce masa Larabcina bai kai ba. Na koma na zauna a kan wani dutse da ba na kabari ba, na buɗe gorar ruwa na sha, ina kallo aka sa shi a mota. Na yi zaton zan ji wani abu kamar kunya. Daɗi na ji, tun daga wuya har tafin ƙafa.

Ya yi kwanaki a tsare, aka yanke cewa zai bar ƙasar ba dawowa. Kamfani ya tsaya masa aka ba shi 'yan kwanaki ya haɗa kayansa. A cikin kwanakin nan dattijo tela ya aiko a kira ni. Ya ce abin da na yi ba a yi wa ɗan'uwa shi a ƙasar mutane, da na zo wurinsa da an sasanta a cikin gida.

Na ce, "Baba, a shagon nan ya ce ina tonon kabari. Kana zaune a kan kujerar nan. Ba ka aika a kira ni ba."

Ya juya almakashi a hannunsa. Can ya tambaya me nake so yanzu. Na ce ina so ya raka ni ɗakin mutumin.

Da la'asar muka je. Muka same shi a tsakiyar akwatuna yana naɗe barguna, ya rame, gemunsa ya fito ba gyara. Na kira wayar matata na ce ta kai wa Inna, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na miƙa masa na ce ya faɗa mata gaskiya. Ya kau da kai ya ce ai na riga na gama da shi, me kuma ya rage. Dattijo ya ce masa ya karɓa. Ya karɓa, ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, abin da aka ce ɗanki ya yi, ni na sa shi. Zancen tsafi kuma ni na ƙirƙira." Na jira in ji ta yi masa Allah ya isa. Sai kawai ta ce Allah ya kyauta, ta kuma tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Na karɓe wayata na kashe. Na fita ban yi masa sallama ba.

An mayar mini da makullin katafila bayan wata biyu, da ita na share ragowar hanyar har aka rufe shingen aka kafa allo a ƙofarsa. A shagon tela wasu suka dawo suna ba ni hannu biyu, wasu kuma suka sake mini sabon suna, wai mai kai ɗan'uwa ƙara. Na biyun bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni shi ne ɗan Damagaram. Shi ma an kore shi, tunda an same shi da dutse a hannu. Na roƙi Dakta, ya rubuta takarda, ba ta yi aiki ba. Lokacin da nake ƙulla abina ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ke kama wa muraƙib ɗaya gefen dutsen ba, alhali na san mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Mutumin yana da 'ya'ya mata biyar. Na nemi lambarsa a wurin mutanen ƙasarsu, wadda aka ba ni ba ta shiga. Wannan ma a wuyan muraƙib nake ɗora shi mafi yawan lokaci, ko da yake akwai ranakun da ɗorawar ba ta zama.

Bayan shekaru na dawo gida gaba ɗaya. Muraƙib yana nan a garinmu, ya buɗe shagon kayan gini a bakin titi. Da zan yi ginina, gari na gaba nake zuwa sayen siminti, in wuce ta ƙofar shagonsa da kaya a mota, in rage gudu. Yayana ya yi mini magana sau biyu a kan in yafe, na ce masa na ji. Mun haɗu da mutumin fuska da fuska sau ɗaya, a wurin ɗaurin auren 'yar wani maƙwabci. Ya miƙo hannu, na karɓa saboda idon jama'a. Ya tambayi iyali, na ce lafiya. Ya tsaya kamar yana da sauran magana, ni kuwa na juya na shiga sahun masu karɓar goro.